Rundunar Sojin Sararin Samaniya: Wace Ƙasa Ce Ke Bukatar Ta Daban, Wacce Kuma Za Ta Iya Haƙura?

Tun ranar 20 ga Disamban 2019, lokacin da Amurka ta kafa rundunar sararin samaniya a matsayin reshe na shida na dakarunta, tambaya ɗaya ke ta zagaye ma'aikatun tsaro da majalisun dokoki: mu ma mu bi sahu ne? Masu goyon baya suna nuna yadda yaƙin yau ya rataya a wuyan taurarin ɗan adam. Masu cewa a dakata kuwa tambayarsu ita ce ina kuɗin, ina mutanen da za su cika rundunar. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai ana yawan yin gardamar kamar hanya biyu ce tak, a kafa ko a bari. Hanyoyin huɗu ne, kuma kowacce akwai ƙasashen da suka bi ta, har an ga inda ta kai su.

Kafin a shiga awo, ya kamata a san aikin da ake magana a kai. Sojan sararin samaniya ba a cikin kumbo yake ba. Yana ƙasa, gaban kwamfuta ko a tashar rada, yana kula da abubuwa kamar biyar: sadarwar dakaru, nuna wuri da daidaita lokaci irin na GPS, ɗaukar hoto da leƙen asiri, gargaɗi idan an harbo makami mai linzami, da sa ido kan duk abin da ke yawo a falaki. A watan Janairun 2020, da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi, taurarin da ke gano zafin wutar roka na cikin abin da ya ba sojojin Amurka da ke wurin gargaɗi. Wannan shi ne aikin, kuma babu wanda ke musun muhimmancinsa.

Barazanar ma ta gaske ce. A Janairun 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi, ta bar tarkace sama da 3,000 masu girman da za a iya bibiyarsu. Amurka ta harbo nata a 2008, Indiya a Maris ɗin 2019, Rasha kuma a Nuwamban 2021, har sai da mutanen da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka fake cikin kumbunansu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne na ranar 24 ga Fabrairun 2022. A ranar da Rasha ta afka wa Yukiren, an yi kutse a hanyar sadarwar tauraron ɗan adam ta kamfanin Viasat, dubban na'urori suka mutu, har kamfanin da ke kula da injinan samar da lantarki daga iska kusan 5,800 a Jamus ya kasa sarrafa su daga nesa. Ba a taɓa tauraron ba ko kaɗan. Ta ƙasa aka shiga. Wannan zai dawo mana a gaba.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma a nan dole a raba biyu. Akwai kuɗin kaya, wato taurari da rokoki da tashoshi, wanda ko wane tsari aka zaɓa sai an biya shi. Akwai kuma kuɗin hukuma: hedikwata, manyan hafsoshi, makarantun horo, ofishin ɗaukar ma'aikata. Na biyun ne ke bambanta tsari da tsari.

Na biyu ɗorewa. Shin tsarin zai tsira idan gwamnati ta sauya ko aljihu ya yi sanyi? Mafi muhimmanci, shin zai riƙe ƙwararru? Ana ɗaukar shekaru kafin mutum ya gane halin falaki, ya iya bambance tauraron da ke gyara zamansa da wanda ke laɓaɓowa kusa da naka.

Na uku sauƙin kafawa: sai an yi sabuwar doka, ko umarnin minista ya isa? Wata nawa, ko shekara nawa?

Na huɗu haɗari, kuma fuska biyu gare shi. Akwai haɗarin a yi sakaci har ranar bukata ta zo babu shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma haɗarin a tsokano gasar makamai da maƙwabta ba tare da an shirya mata ba.

Zaɓi na ɗaya: runduna mai zaman kanta

Babbar hujjar wannan zaɓi daga tarihi take. Jirgin sama ya fara ne a hannun sojin ƙasa da na ruwa, waɗanda suka ɗauke shi ɗan aike kawai. Birtaniya ta ware masa runduna a ranar 1 ga Afrilun 1918, Amurka kuwa sai a 1947. Masu wannan ra'ayi na cewa abin da ya faru da jirgi shi ke faruwa da tauraro: muddin yana gidan wani, agola ne. A Amurka, tun 1982 akwai sashen sararin samaniya a cikin rundunar sojin sama, amma matuƙa jiragen yaƙi ne suka fi hawa manyan kujeru, kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi shi ne in kuɗi ya yi ƙaranci ɓangaren taurari ne ke fara jin jiki. Wani kwamiti da tsohon sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya jagoranta ya yi gargaɗi tun a Janairun 2001 cewa za a iya yi wa ƙasar ba-zata ta sama. A 2016 kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya lissafa hukumomi kusan 60 da ke da hannu a harkar sayen kayan sararin samaniya na tsaro. Inda masu faɗa-a-ji suka kai haka, da wuya a san wanda za a kama in aiki ya lalace.

Abin da runduna ta daban ke saya wa ƙasa shi ne kujera. Shugabanta na zama kafaɗa da kafaɗa da sauran manyan hafsoshi, yana kare kasafinsa da bakinsa. Matashin da ya shiga ya san zai iya kaiwa janar ba tare da ya taɓa tuƙa jirgi ba, don haka yana da dalilin zama. Ta fuskar ɗorewar ƙwarewa, babu zaɓin da ya kai wannan. An ma fara ganin sauri a wasu wurare: a Satumban 2023 rundunar ta Amurka ta gwada harba tauraro cikin gaggawa, roka ta tashi awa 27 bayan ba da umarni.

Sai kuɗi. Kasafin rundunar ya tashi daga kimanin dala biliyan 15 a 2021 zuwa kusan biliyan 30 a 2024, ko da yake wani ɓangare na ƙarin ayyuka ne da aka kwaso daga wasu hukumomi. Kafin a kafa ta, ofishin kasafi na majalisar ya ƙiyasta cewa kuɗin hukuma kaɗai zai iya kaiwa wajen dala biliyan ɗaya a kowace shekara. Wannan adadi ya fi duk abin da ƙasashe da yawa ke kashewa kan sararin samaniya gaba ɗaya.

Akwai wani abu da masu sha'awar kwaikwayon Amurka ba su cika lura da shi ba. Ita kanta rundunar ba ta tsaya da ƙafarta ɗari bisa ɗari ba. Tana ƙarƙashin ma'aikatar sojin sama, kuma daga can take samun likitoci, lauyoyi da masu gadin sansani. Masu kakinta ba su kai 10,000 ba a 2024, a ƙasar da sojin ƙasa kaɗai sun haura 400,000. Hukumar da ke gudanar da taurarin leƙen asiri ma tana nan daban, ba a haɗe ta ba. Idan mai taurarin soja mafi yawa a duniya ya ga dacewar jingina da wani, ƙasar da ke da tauraro uku sai ta yi tunani sosai.

Ɗorewar tsarin kansa ma ba tabbas ba ne, kuma Rasha ce shaida. Ta kafa dakarun sararin samaniya daban a 1992, ta narkar da su cikin rundunar makamai masu linzami a 1997, ta sake ware su a 2001, ta sauya musu fasali a 2011, sannan a Agustan 2015 ta haɗe su da sojin sama. Sauyi biyar cikin shekara 23, kuma kowane sauyi na cin lokaci da hankalin ma'aikata. Sin ta bi akasin hanyar: a ƙarshen 2015 ta zuba sararin samaniya da yaƙin intanet a runduna ɗaya, a Afrilun 2024 ta rushe ta, ta fito da dakarun sararin samaniya da ke amsa umarni kai tsaye daga kwamitin ƙoli na soja.

Haɗarin da ya fi damuna a wannan zaɓi shi ne, runduna idan an kafa ta sai ta nemi abin da za ta nuna ta cancanci kasafinta, kuma abin da soja ke nunawa makami ne. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta haramta ajiye makaman ƙare dangi a falaki da kafa sansanin soja a duniyar wata, amma ba ta hana sauran makamai ba. Ƙofar a buɗe take. Tarkacen da faɗa a can zai haifar kuwa ba ya tambayar tutar kowa, zai bugi tauraron mai laifi da na marar laifi.

Zaɓi na biyu: a bar aikin a gidan sojin sama

Wannan ce hanyar da ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi suka fi bi. Faransa ta kafa sashen sararin samaniya a Satumban 2019, ta ajiye shi a Tuluz kusa da cibiyar hukumar sararin samaniyarta ta farar hula, bayan shekara guda kuma ta sauya wa rundunar suna zuwa ta sojin sama da sararin samaniya. Abin da ya zaburar da ita sananne ne: a 2018 ministar tsaro Florence Parly ta fito fili ta zargi wani tauraron Rasha da matsowa kusa da tauraron sadarwar da Faransa ke amfani da shi tare da Italiya, don satar sauraro. Sifaniya ta yi irin wannan sauyin suna a 2022. Jamus ta buɗe nata sashen a Yulin 2021, Kanada a 2022. Japan ta fara a Mayun 2020 da mutum kusan 20 kacal.

Sauƙi da araha ne amfaninsa. Sojin sama sun riga sun saba da rada, da sa ido dare da rana, da aikin injiniya. Makarantu na nan, sansanoni na nan, ofishin albashi na nan. Kusan duk kuɗin da aka ware yana tafiya ne kan kaya, kuma Faransa ta nuna cewa wannan tsari bai hana mallakar kayan kirki ba: tana da taurarin sadarwa na Syracuse, na ɗaukar hoto na CSO, da uku na sauraron sigina da ta harba a 2021, tana kuma gudanar da atisayen sararin samaniya tun daga wannan shekarar.

Aibinsa shi ne ainihin ciwon da ya kori Amurka daga wannan gida. Ranar da aka ce a zaɓa tsakanin sabbin jiragen yaƙi da tashar bibiyar taurari, wanda zai yanke hukunci tsohon matuƙi ne. Ƙara kalma a sunan runduna ba ya sauya wannan. Ana iya rage matsalar idan doka ta keɓe wa sararin samaniya layinsa a kasafi, wanda ba a taɓa shi sai da izinin majalisa, aka kuma buɗe wa ƙwararrunsa tsanin ƙarin girma nasu. In babu waɗannan biyun, ban ba wannan zaɓi maki mai yawa a ɗorewa ba. Akwai kuma ƙorafin sauran rundunoni, domin jirgin ruwa a tsakiyar teku da bataliya a daji sun fi kowa dogara da tauraro, amma sai sun bi layi a ofishin wani.

Zaɓi na uku: cibiyar haɗin gwiwa ta dukkan rundunoni

A nan ba a ƙirƙiro sabon kaki. Ana kafa hedikwata ɗaya, a kawo mutane daga sojin ƙasa, na ruwa da na sama, a haɗa da farar hula, a ba su kwamanda ɗaya. Birtaniya ta yi haka ranar 1 ga Afrilun 2021, duk da cewa cibiyar na zaune a sansanin sojin sama kuma a ƙarƙashin kulawarsu. Birtaniya ba baƙuwa ba ce a harkar, tana da taurarin sadarwa na Skynet tun 1969. A tsarin da ta fitar a Fabrairun 2022 ta ware fam biliyan 1.4 na shekara goma, ban da kimanin biliyan 5 na sabunta Skynet, kuma a Agustan 2024 cibiyar ta harba tauraronta na farko na ɗaukar hoto. Indiya na da hukumar tsaron sararin samaniya da ta haɗa rundunoni uku, yayin da ƙera taurari da harba su ke hannun ISRO, hukumar sararin samaniyarta ta farar hula. Ostireliya ta fara da nata sashen a gidan sojin sama a 2022, daga baya ta mayar da shi ɓangaren haɗin gwiwa.

Ni dai, ga mafi yawan ƙasashen da ke wannan muhawara, nan na fi karkata. Dalilina shi ne tauraro kayan aikin kowa ne, don haka ya dace kowa ya ji yana da haƙƙi a kansa. Harin Viasat ma ya nuna cewa mai tsaron tauraro dole ya zauna ɗaki ɗaya da mai tsaron intanet da mai leƙen asiri, kuma cibiyar haɗin gwiwa ta fi sauƙin tara irin waɗannan mutane. Kuɗin hukuma kaɗan ne, kuma a wurare da dama ba sai an jira sabuwar doka ba.

Rauninsa a mutane yake, kuma ba ƙarami ba ne. Hafsa zai zo aro na shekara biyu ko uku, daidai lokacin da ya fara gane aikin sai a kira shi gida, domin can ake duba takardunsa na ƙarin girma. Rundunar da aka ce ta ba da mutum kuma ba kasafai take sakin gwaninta ba. Maganin da na gani shi ne a gina ƙashin bayan cibiyar da injiniyoyi farar hula masu daɗewa, a tsawaita wa'adin hafsoshi, a kuma ba kwamandan kuɗi a hannunsa. Kwamandan da sai ya roƙi kasafi daga rundunoni uku, mai shirya taro ne kawai.

Zaɓi na huɗu: haya, ƙawance da hukumar farar hula

Ƙasa na iya samun yawancin amfanin sararin samaniya ba tare da wata rundunar musamman ba. Ostireliya ta biya kuɗin tauraro guda a jerin taurarin sadarwar sojin Amurka na WGS, ta samu damar amfani da jerin. Kanada, Denmak, Holan, Lukzambag da Niyu Zilan suka haɗa kuɗin wani. Lukzambag ta kuma haɗa hannu da kamfanin taurarin sadarwa na SES suka harba tauraron sadarwar gwamnati a Janairun 2018. Yukiren ta yi amfani a yaƙinta da Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan adam, da hotunan taurarin kamfanoni irin su Maxar, da tauraron rada na kamfanin ICEYE wanda jama'a suka yi karo-karo aka sayi damar amfani da shi a 2022. Wajen araha da sauri babu kamarsa, sa hannu a kwangila kawai ake yi.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma Yukiren ɗin ce ta fi kowa sanin haka. Mai kamfanin da ke gudanar da Starlink da bakinsa ya ce ya ƙi amsa roƙon Yukiren na kunna sadarwar a kusa da Kirimiya, yankin da Rasha ta mamaye, a 2022. A Maris ɗin 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar na ɗan lokaci da hotunan tauraro da Yukiren ke samu ta wani shirin gwamnatin ta Amurka. Wanda ke riƙe da makunni shi ke da magana ta ƙarshe. Duk mai bin wannan hanya ya raba ƙafa tsakanin masu sayarwa biyu ko uku daga ƙasashe daban-daban, ya kuma ajiye ƙaramin ofishi a ma'aikatar tsaro mai mutanen da suka san abin da suke saya.

| Zaɓi | Kuɗin hukuma | Ɗorewa | Sauƙin kafawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Runduna daban | Mai yawa ƙwarai | Tana riƙe ƙwararru, amma ana iya rushe ta | Sai doka da shekaru | Gasar makamai, hafsoshi sun fi aiki yawa |
| Cikin sojin sama | Kaɗan | Matsakaiciya | Mai sauƙi | A karkatar da kuɗin zuwa jirage |
| Cibiyar haɗin gwiwa | Kaɗan zuwa matsakaici | Ta dogara da wa'adin ma'aikata | Matsakaici | Kwamanda marar iko da kasafi |
| Haya da ƙawance | Mafi ƙanƙanta | Daidai tsawon kwangila | Mafi sauƙi | A yanke maka ranar bukata |

Wanne ya dace da wa

Ƙasar da ke da gomman taurarin soja, tana harba su da rokokinta, tana kuma dogara da su wajen gargaɗin harin nukiliya, ita ce ke da hujjar runduna ta daban. Irin waɗannan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wadda ke da taurari kaɗan masu tsada, da masana'antar ƙera su, da rundunar sama mai ƙarfi wadda tsaron sararin ƙasa ke hannunta, zaɓi na biyu zai ishe ta, da sharaɗin a killace kasafin.

Wadda sojinta na ƙasa ko na ruwa ne suka fi amfani da tauraro, kamar mai doguwar gaɓar teku ko faffaɗar iyaka da ake sa wa ido, cibiyar haɗin gwiwa ta fi mata. Haka ma wadda rundunoninta ke da tarihin ja-in-ja kan kuɗi, domin miƙa wa ɗaya daga ciki zai ƙara rura wutar.

Wadda ba ta da tauraron soja ko ɗaya, ko take da na farar hula biyu zuwa uku, ta fara da na huɗu. Kuɗin da za ta kashe kan hedikwata gara ta sa shi a tsaron tashoshinta na ƙasa, da horar da masu fassara hoto, da koya wa dakaru yadda za su yi aiki idan an toshe GPS.

Zaɓin kuma ba na dindindin ba ne, ana hawa daga mataki zuwa mataki. Alamomi uku ne za su nuna lokacin ware runduna ya yi: ma'aikatan sun kai dubbai, ta yadda mutum zai shiga yana ƙaramin hafsa ya yi ritaya yana janar bai bar fagen ba, an shekara da shekaru ana kwashe kuɗin taurari duk da killacewar da aka yi, kuma ƙasar na iya maye gurbin tauraron da ta rasa da rokarta, ba sai ta jira layi a tashar wata ƙasa ba. Amurka ta yi shekara 37 tsakanin buɗe sashen a gidan sojin sama da ba shi 'yancin kansa.